Fentin hoda na ɓarewa a bakin yanka: a koma jan fenti ne, ko a tsoma a tutiya?

Sabon Maƙeri: Assalamu alaikum manyanmu. Ina ƙera ƙafafu da firam na ɗora faifan sola, da angil da bututu mai kusurwa huɗu, kaurinsu milimita 3. In na gama walda sai in kai a yi musu fentin hoda baƙi, wato garin fenti da ake fesawa a bushe a gasa a oben, su fito sumul gwanin sha'awa. Matsalar ita ce damina ɗaya ko biyu, sai fentin ya fara tashi daga bakin yanka da kewayen walda. In ka sa farce sai ya ɓaro, ƙarƙashinsa jar tsatsa ta riga ta yi nisa. Fentin hodar ne ba ya jure waje, ko akwai abin da ya fi shi? Aiki ne da ake so ya yi shekara ashirin a rana da ruwa.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Yaro, ka koma jan fenti na ƙasa, ka bi shi da fentin mai shafi biyu. Ranar da ya ƙwarzane, kowa zai iya ɗaukar buroshi ya gyara shi a inda yake. Fentin hoda in ya fashe, ba ka da yadda za ka yi da shi sai ka kwance kayan ka mai da su oben.

Mai Fentin Hoda: Baba, da girmanka, kada a ɗora wa hoda laifin da ba nata ba. Sabon Maƙeri, kafin ka kai kayan, me kake yi wa ƙarfen? Su kuma masu feshin, me suke yi masa kafin ya shiga ɗakin feshi?

Sabon Maƙeri: Ina bi da buroshin waya a giranda har ya yi ƙyalli, sannan in goge da tina. Su kuma can suna sake gogewa da tsumma su fesa.

Mai Fentin Hoda: To ai shi ke nan. Ko wane irin fenti ka sa a kan wannan, ƙarshensa ɗaya ne.

Injiniyan Tsatsa: Bari in ɗan tsawaita a nan, domin nan ne gizo ke saƙa. Angil da yawancin ƙarfen da aka murza da zafi suna fitowa daga masana'anta da wani baƙin ɓawo mai shuɗi-shuɗi a jikinsu. Mutane da yawa suna ɗauka kariya ce. Ba kariya ba ce. Ɓawon yana da tauri amma yana da gautsi, kuma ba ya buɗewa da tsukewa daidai da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa in rana ta yi zafi ko dare ya yi sanyi. Sai ya tsattsage, danshi ya shiga, tsatsa ta tura shi ya tashi, ya tafi da fentin da ke bisansa. Abin da ya fi muni, inda ya tsage, ɓawon da kansa ne ke sa tsiraicin ƙarfen da ke kusa da shi ya ci da sauri, domin su biyun suna zama kamar ƙafa biyu na batir in akwai laima tsakaninsu.

Buroshin waya ba ya cire wannan ɓawo. Goge shi kawai yake yi ya yi santsi, kuma ƙyallin nan da kake gani ka ji daɗi shi ne abin da fenti ya fi ƙi. Fenti yana son kaushi da zai kama. Shi ya sa aikin waje mai son daɗewa ake fesa masa tsakuwar ƙarfe ko makamanciyarta da iska mai ƙarfi, har jikin ya koma fari-fari. A ma'aunin ISO 8501-1 ana kiran matakin da aka fi nema Sa 2½, wato ba ɓawo, ba tsatsa, ba tsohon fenti, sai ɗan tabo-tabo da ba ya da kauri.

Sai maganar baki. Ka ce daga bakin yanka yake farawa, kuma haka ya kamata a zata. Fenti, na ruwa ko na hoda, in ya narke ko yana bushewa, janyewa yake yi daga kaifi. Wurin da ya samu kaurin maikiron 80 a shimfiɗe (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a kan kaifin yana iya zama ɗan kaɗan ƙwarai. Maganinsa a kashe kaifin da giranda ko magagari, ya zama da ɗan lanƙwasa kamar na milimita 2. A kankare tartsatsin walda gaba ɗaya, a cire kashin walda, a cike ƙananan ramuka. Kowane ƙwayar tartsatsi da aka bari, kanta zai fito ba fenti.

Tsohon Bakanike: Duk wannan na yarda. Amma mu da muka yi aiki da jan fenti ba mu da injin feshin tsakuwa, kuma ƙyauren da muka yi suna nan.

Injiniyan Tsatsa: Gaskiya ne Baba, kuma akwai dalili. Furaima mai mai, wato jan fentin ƙasan nan, tana da ruwa-ruwa, tana bushewa a hankali, tana ratsa 'yar tsatsar da ta rage ta jiƙa ta. Hoda ba ta yin haka, tana sauka ne a bushe ta narke a sama. Don haka a kan ƙarfen da ba a shirya sosai ba, jan fentinku ya fi hoda haƙuri. Amma kuma ƙyauren nan ana sabunta musu fenti lokaci-lokaci. Wa zai je ya ɗaga faifan sola yana shafa fenti a ƙarƙashi duk bayan shekara uku?

Malamar Fasaha: Akwai abin da ba a taɓo ba tukuna: cikin bututun. Fentin hoda ba ya shiga can, buroshi ma ba ya kaiwa. Raɓa tana taruwa a ciki, bututu ya ci daga ciki ya fito waje alhali fentin yana nan da kyansa. Don irin wannan aiki, ni shawarata galbanayiz, wato a tsoma kayan gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya.

Yadda ake yi: a wanke maiko, a tsoma cikin asid ya cinye ɓawon nan da tsatsa, a ɗauraye, a tsoma cikin ruwan gishirin tutiya da ke taimaka mata kamawa, a busar, sannan a sauke shi cikin tukunyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. A wannan zafin tutiya ba kwanciya kawai take yi a sama ba, haɗuwa take yi da ƙarfen, a samu shimfiɗu na gaurayen ƙarfe da tutiya waɗanda ba sa ɓarewa da farce, wasunsu ma sun fi ƙarfen da ke ƙasa tauri. Tana shiga cikin bututu, tana rufe kaifi da kauri ɗaya da na shimfiɗe.

Babban abin shi ne in ta ƙwarzane. Fenti shinge ne kawai, in ya ɓule tsatsa ta shiga ta riƙa tafiya ta ƙarƙashi. Tutiya kuwa ita ce ke fara lalacewa a madadin ƙarfen, don haka ƙaramin ƙwarzane na milimita ɗaya ko biyu ba ya yaɗuwa. Ba sabuwar dabara ba ce, tun wajen 1837 wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar.

Ga ƙarfe mai kaurin milimita 3, ISO 1461 yana neman matsakaicin kaurin tutiya ya kai maikiron 55. Wanda ya wuce milimita 6 kuma maikiron 85. A iskar gari mai matsakaicin danshi da hayaƙi, tutiya tana raguwa tsakanin maikiron 0.7 zuwa 2.1 a shekara. Ka raba 55 da 2.1, ka ga ko a mafi munin wannan yanayi ta wuce shekara 25. A bakin teku lissafin ya canza, domin gishirin iska yana cinye ta da ninki biyu ko fiye.

Mai Fentin Hoda: Malama, ba na musun ƙarkonta, amma a faɗi ɗayan ɓangaren. Digiri 450 ba wasa ba ne. Firam da aka yi wa walda ta gefe ɗaya, ko aka haɗa siririn faranti da ƙarfe mai kauri, yana fitowa a karkace. Ga kuma tukunya tana da iyakar tsawo. Kala ɗaya ne da ita, toka-toka, wani wurin ƙyalli wani wurin dishi-dishi. Mai kaya in ya ce baƙi yake so fa? Hoda ana gasa ta ne a digiri 180 zuwa 200 na minti 10 zuwa 20, ba ta lanƙwasa komai. In aka fesa tsakuwa, aka yi wankin fosfet mai taimaka wa fenti kamawa, aka sa hodar efoksi mai tutiya a ƙasa, aka rufe da hodar foliyesta a sama, wallahi aiki ne mai daɗewa.

Malamar Fasaha: Ban ce ba ya daɗewa ba. Na ce cikin bututun fa?

Mai Fentin Hoda: A toshe bakinsa da walda gaba ɗaya, iska ba ta shiga.

Injiniyan Tsatsa: In an toshe da gaske, tsatsar ciki tana tsayawa da zarar iskar da ke ciki ta ƙare. Amma firam ɗin sola ana huda shi don bolti, kuma kowane huji ƙofa ce. Ruwa ya fi sauƙin shiga bututun da aka toshe rabi-rabi fiye da fita daga cikinsa.

Mai Fentin Hoda: To a yi duka biyun. A tsoma a tutiya, a kawo mini in sa kala. Sai dai a gaya wa masu tsomawa tun farko cewa za a yi fenti a kai, don kada su sa ruwan kariyar nan da suke sawa a ƙarshe, yana hana fenti kamawa. Ni kuma zan ɗan fesa masa abu mai laushi sama-sama don ya yi kaushi, in fara gasa shi a oben ba hoda, iskar da ta maƙale a cikin tutiyar ta fita. In ba a yi haka ba, hodar tana fitowa da ƙananan huji kamar an tsira mata allura.

Kuma don Allah, duk wanda zai kai aikin waje ya tambayi irin hodar. Efoksi zalla in rana ta dake ta, tana dusashewa ta riƙa zubar da gari a hannu. Foliyesta ce ta waje.

Ɗalibin Injiniya: Malamai, tambaya. Boltocin nan masu ƙyalli fari ko ruwan ɗorawa da ake sayarwa, ai su ma tutiya ce a jikinsu. Me ya sa su ne ke fara yin tsatsa?

Malamar Fasaha: Tutiya ce, amma da lantarki aka ɗora ta, ba tsomawa aka yi ba. Ana rataye kayan a cikin ruwa mai gishirin tutiya, a sa wuta, tutiyar ta riƙa sauka a jikinsu kaɗan-kaɗan. A kan bolti yawanci maikiron 5 zuwa 12 ne. Kwatanta da 55 ko 85. Ƙarkon tutiya yana tafiya ne da kaurinta, don haka waɗannan na cikin ɗaki ne. In ka tsoma firam sannan ka ɗaure shi da su, za ka ga jan zane na tsatsa yana gangarowa daga kowane bolti.

Mai Injin Les: A nan zan shigo. Kada wani ya ji wannan ya kwashi bolti da noti na yau da kullum ya kai a tsoma masa. Tutiyar tana cike zare, noti ya ƙi shiga. Masu yin na gaskiya suna juya boltin a injin da ke wurwura shi da zarar ya fito daga tukunya don rarar tutiya ta fita daga zare, noti kuma bayan an tsoma shi ake yanka masa zare, a ɗan faɗaɗa shi. Shi ya sa ake sayen su tare, ba a haɗa notin wani da boltin wani.

Sannan ku dubi lambar da ke kan boltin, wadda ke nuna ƙarfinsa. 8.8 ba damuwa. 10.9 sai da kula. 12.9 kuwa kada a kusantar da shi da asid ko wankan lantarki ba tare da sanin abin da ake yi ba. Iskar haidirojin tana shiga cikin ƙarfe mai tauri a lokacin wankin, ka ɗaure bolti lafiya lau, bayan kwana ɗaya ko biyu kansa ya ɓalle shi kaɗai ba lanƙwasa ba gargaɗi. Maganinta a gasa shi a wajen digiri 200 na awoyi da dama, kuma a fara gashin cikin 'yan awoyi bayan wankin. Wanda ya ce zai yi maka wankan tutiya a kan sifirin ko bolti mai tauri, ka tambaye shi ko yana gasawa. In ya yi shiru, ɗauki kayanka.

Bakin Gwargwado: Ni fa duk wannan dogon Turanci ne. Kwamfireso nake da shi, na haɗa bindigar feshi da kaina, ina tankaɗe yashin rafi in fesa. Ƙarfe yana fita fes, fenti yana kamawa. Sabon Maƙeri, ka yi haka kawai.

Malamar Fasaha: Ɗan'uwa, don girman Allah ka daina, kuma kada wani ya kwaikwaya. Ƙarfen yana fita fes, gaskiya ne, amma huhunka ne ke biya. Yashi silika ne. In ya daki ƙarfe yana farfashewa ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta wuce hanci ta zauna can cikin huhu, huhun ya riƙa yin tabo yana taurara. Cutar ba ta warkewa, ko an daina aikin tana iya ci gaba, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka da kansar huhu. Masu feshin yashi suna cikin waɗanda take kamawa da sauri, cikin 'yan shekaru. Tun 1870 Benjamin Tilghman ya ƙirƙiro feshin yashi a Amurka, kuma ganin yadda yake kashe ma'aikata ne ya sa Birtaniya ta hana amfani da yashi a irin wannan aiki tun 1949.

Bakin Gwargwado: Ina ɗaura ƙyalle, wani lokacin takunkumi biyu.

Injiniyan Tsatsa: Ƙyalle da takunkumin takarda suna tare ƙurar da kake gani ne, wadda ke kisa tana wucewa. Mai feshi yana sa hular da ta rufe kai gaba ɗaya, ana turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo daga nesa. Kuma ba kai kaɗai ba ne, yaran shagonka da maƙwabta suna shaƙa. A yi amfani da tsakuwar ƙarfe, ko ganet (garin wani dutse mai tauri), ko garin alumina. Tsakuwar ƙarfe ma ana tattara ta a sake fesawa sau da yawa. Ko ta fuskar aikin, yashin da aka kwaso haka nan yana zuwa da laka, wani da gishiri, ka dasa su a jikin ƙarfen da kake son tsabtacewa. Gishiri a ƙarƙashin fenti yana jawo ruwa ta cikin fentin, ya tashi ƙuraje.

Wani abu kuma: ƙarfen da aka fesa tsirara yake, kada ya kwana. A sa masa shafin farko cikin 'yan awoyi, kada a taɓa shi da hannu ba safa, kuma kada a yi fenti da sassafe lokacin da ƙarfe ya yi sanyi. Ƙa'idar ita ce zafin jikin ƙarfen ya ɗara matakin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3.

Admin: Maganar yashi ta tsaya a nan, an faɗi abin da ya kamata. Duk wanda ya sake ba da shawarar yashi za mu goge saƙon.

Sabon Maƙeri: Na gode ƙwarai. Wata dabara ta zo mini: in sayi bututun da ya zo da galbanayiz tun daga masana'anta, in yi walda a kai, ba sai na kai tsomawa ba.

Tsohon Bakanike: Ana yi, amma ka kiyayi hayaƙin. Farin hayaƙin nan na tutiya in ka shaƙa, da dare zazzaɓi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi za su rufe ka. Ka goge tutiyar daga wurin da za ka yi waldar, ka yi a fili, ka kauce wa hanyar hayaƙi. Waldar ma ta fi kyau, don tutiya tana sa ta yi ramuka.

Malamar Fasaha: Ƙari a kan maganar Baba: tutiyar irin wannan bututu sau da yawa ba ta kai rabin ta tsomawa ba, kuma duk inda ka yanka, ka huda, ko ka yi walda, ya koma tsirara, har da cikin bututun daidai bayan waldar inda hannu ba ya kaiwa. Na waje za ka iya shafa masa fenti mai tutiya da yawa, kuma yana taimakawa. Amma wuraren da ka ce fentinka yana fara tashi su ne dai wuraren da za su rage ba kariya ta gaske.

Ɗalibin Injiniya: To me zai hana a yi da sitenles, ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, a huta?

Mai Injin Les: Sitenles ma yana tsatsa in an wulaƙanta shi. Abin da ke kare shi wata siririyar fata ce da kurom ɗin cikinsa ke yi in ya haɗu da iska, shi ya sa dole kurom ya kai kashi 10.5 cikin ɗari kafin a kira shi sitenles. In ka yi walda, launin nan shuɗi da ruwan ƙasa da ke fitowa a gefe alama ce cewa kurom ya ragu a ƙarƙashinsa, kuma daga nan tsatsa ke farawa. In ka goge shi da buroshi ko faifan giranda da ya taɓa baƙin ƙarfe, ka dasa masa ɓurɓushin ƙarfe, ruwa ɗaya ya fito da jan ɗigo-ɗigo. Kayan aikin sitenles a ware su daban.

Injiniyan Tsatsa: Man da ake shafawa a kan waldar sitenles don cire launin nan yana ɗauke da asid mai suna haidirofulorik. Wannan ba kamar sauran asid ba ne. Yana iya taɓa fata bai yi zafi nan take ba, ya ratsa har ƙashi, kuma yana iya taɓa zuciya. Wanda ba shi da safa da tabarau da maganin gaggawa nasa na musamman, ya cire launin da sabon faifan goge ko da na'urar nan mai wanke walda da lantarki. Wankin asid na sitirik da ake yi daga baya yana cire ɓurɓushin ƙarfe ya taimaka fatar ta dawo, amma ba ya cire launin walda. Kusa da teku kuma sitenles mai lamba 304 ba ya isa, sai mai lamba 316 da ke ɗauke da molibdinom.

Malamar Fasaha: Tunda faifan sola ake magana, a tuna gefen faifan alminiyon ne da aka yi wa anodayiz. Wannan ba shafi ba ne da aka ɗora daga waje. Ana tsoma alminiyon cikin asid a sa masa lantarki, fuskarsa da kanta ta rikiɗe ta zama fata mai tauri, galibi maikiron 5 zuwa 25. Abu biyu ya biyo baya. Na ɗaya, fatar ba ta wuce da wuta, don haka wayar ƙasa ba za ta yi aiki ba in an ɗaura ta a sama kawai, sai da wosha mai haƙora da zai huda fatar. Na biyu, alminiyon yana zama lafiya da tutiya, domin ba su da nisa da juna a jerin da ke nuna wane ƙarfe ke sa wani ya ci, amma in ya jingina da tagulla ko da ƙarfe mai tsatsa cikin danshi, shi ne zai ci. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son tutiya a ƙarƙashinsa.

Mai Injin Les: Ni abin da ke damuna a aikinmu shi ne mutum ya gama sassaƙa abu daidai ma'auni, sannan ya fara tunanin me za a shafa masa. Shaf da aka yi don beyarin, bambancin da aka yarda da shi bai wuce maikiron goma sha ba. Ka sa masa hoda maikiron 80 a kowane gefe, ka ƙara 160 a faɗinsa, beyarin ba zai shiga ba. Irin wannan wuri rufe shi ake yi kafin feshi. In ana son kala ba tare da ma'auni ya motsa ba, sai baƙin wanka, wanda ake dafa ƙarfe cikin ruwan kostik soda mai zafin kusan digiri 140 ya fito baƙi wuluk. Kaurinsa wajen maikiron ɗaya ne, amma kariyarsa daga man da aka shafa masa take, in ya bushe a waje zai yi tsatsa. Sandar haidirolik kuma kurom mai tauri ake ɗora mata, a niƙa ta a goge har ta yi santsin da ba zai cinye sil ba. Wannan daban yake da kurom na ado, wanda bai kai maikiron ɗaya ba, nikel ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ke yin aikin. Ruwan da ake wankan kurom da shi yana jawo kansa, shi ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara dokarsa, ba abin da za a haɗa a bayan shago ba ne.

Sabon Maƙeri: Na tsai da shawara, zan kai tsomawa. Me zan canza a wajen ƙira?

Injiniyan Tsatsa: Na farko kuma mafi muhimmanci, kada ka bar ko da bututu ɗaya a toshe. Ruwan wanki in ya maƙale a ciki ya shiga tukunya, tururi zai fasa shi ya watsa narkakkiyar tutiya a kan mutane. Kowane bututu ya samu huji a ƙarshensa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ta kusurwar da ke fuskantar juna, kusa da walda sosai, don iska ta fita ta ɗaya tutiya ta shiga ta fita ta ɗayan. Ga ƙaramin bututu kada ya gaza milimita 10, kuma ka nuna wa masu tsomawa zanen kafin ka fara, su gaya maka ta inda za su rataye shi. Inda ka ɗora faranti a kan faranti, ko dai ka zagaye shi da walda ba ɓuli, ka huda ɗaya in faɗin yana da yawa, ko ka bar tazara tsakaninsu. In ka bar tsaga siririya, asid zai shiga tutiya ba za ta shiga ba, daga baya ya riƙa zubo da jan ruwa.

Asid ba ya cin fenti, ba ya cin kashin walda, ba ya cin rubutun alƙalamin fenti da kake yi wa ƙarfe alama da shi. Duk inda suka rage, tabo baƙi zai fito ba tutiya. Haka man hana tartsatsi mai silikon. Hujin bolti ka ƙara masa faɗi kaɗan. Waldarka ka raba ta gefe da gefe don kada firam ya karkace, in kuma yana da girma ka yi shi gunduwa-gunduwa a ɗaure da bolti.

Tsohon Bakanike: In sun dawo maka da su kuma kada ka jibge su manne da juna a inda ruwa ke dukansu. Sa katako tsakani, ka ɗan karkata su ruwa ya tsiyaye, iska ta ratsa. Sabuwar tutiya in ta kwana a jiƙe ba iska, farin gari take yi.

Sabon Maƙeri: Hujin iskan nan, bayan an kafa firam ɗin in toshe su ne?

Injiniyan Tsatsa: Na ƙasa ka bar su a buɗe, ta nan ruwan da ya shiga zai fita. Na sama da ke kallon ruwan sama ka sa musu murfin roba ko na alminiyon, amma kada ka toshe da walda, za ta ƙone tutiyar ciki da waje.